Tsohuwar Sabon Gari da take kira na da sunan 'yarta

Barkanmu da war haka 'yan uwa na wannan guruf, Musulminmu da Kiristanmu, ina gaishe ku duka. Admin don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata a ciki ma duk na canza su. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina yin shiru, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba, amma yau abin ya fi ƙarfina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da ni, labarin yana da ɗan tsawo.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu, Kirista ce haifaffiyar nan Zariya, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Samaru. Mijina mutumin kudancin Kaduna ne, yana aiki a jami'a, ba malami ba ne, a ɗakin gwaje-gwaje yake, muna haya ta wajen hanyar Bomo. Mutum ne mai sanyin hali, kafin wannan abin ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba, ina so ku riƙe wannan a ranku don kada wani ya zage shi a kwament.

Abin ya faro ne a Disambar bara waccan. A shekarar ba mu je gida Kirsimeti ba saboda an sa mijina diyuti, makarantarmu kuma ta ba da hutu, ina zaune ba abin yi sai kallo da faɗa da yara. Sai wata abokiyar aikina ta turo mini fosta a waya, wai wasu matasa ne suke neman mutanen da za su yi aikin sa kai a lokacin hutun. Ba ƙungiyar coci ba ce ba ta masallaci ba, haɗaka ce, yawancinsu ɗalibai ne da ba su tafi gida ba sai 'yan ma'aikata irina. Aikin kala-kala ne, akwai masu dafa abinci su kai wa marasa lafiyan da ba su da masu jinya a asibiti, akwai masu yashe kwata a Dogarawa, akwai masu koya wa yara karatu kyauta a unguwar Jama'a, akwai kuma masu ziyartar tsofaffin da ba su da kowa a Sabon Gari. Ni da nake fama da yara tun farkon shekara na ce a raina bari in huta da hayaniyarsu, na zaɓi tsofaffi. Shugaban tafiyar wani saurayi ne mai suna Bashir, yana digirinsa na biyu, yaro mai ladabi. Ya ce mana aikin ba wuya, ku je ku gaishe su, ku ɗan share musu ɗaki, ku kai musu abinci ku yi hira, da an shiga sabuwar shekara an gama.

Tsohuwar da aka ba ni 'yar ƙabilar Ibo ce, kowa Mama yake ce mata. Tun tana amarya mijinta ya kawo ta Zariya, ta yi shekaru tana sayar da busasshen kifi da kayan miya a kasuwar Sabon Gari, Hausa a bakinta ta fi ta wasu Hausawan. Mijin ya rasu, ɗanta namiji ma ya rasu a haɗarin mota, tana zaune ita kaɗai a wani ɗaki can ƙuryar gidan haya. Mutanen cocinsu suna ɗan leƙo ta jefi-jefi, amma wadda take riƙe da ita a zahiri wata maƙwabciyarta ce Musulma mai tuyar awara a ƙofar gidan, Maman Abba. Ita ce ta shigar da ni, tun a tsakar gida ta ja ni gefe ta ce Mama ta fara ruɗewa, wani lokaci ba ta gane mutane, kuma kwana biyun nan abinci sai an yi da gaske take ci, kada in ji haushi idan ta kore ni.

Da na shiga na same ta zaune a bakin gado ta juya wa ƙofa baya, ɗakin yana warin fitsari da man zafi. Na gaishe ta. Ta juyo a hankali ta zuba mini ido, sai kawai ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna, riƙon da ban zaci tsohuwa kamar ta tana da ƙarfinsa ba. Ta ce, "Nkechi. Kin dawo?" Na waiga na kalli Maman Abba, ta yi mini alama da ido, ta matso ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Malama ki amsa mata kawai, don Allah." Ni kuma ban san komai ba, na ɗauka irin ruɗun tsufa ne da zai wuce nan da minti biyar, na ce, "E Mama, na dawo." Ranar ta cinye shinkafar da na kawo tas, ni na riƙa ba ta a baki, ta bari na yi mata wanka, na canza zanin gado. Maman Abba har da hawaye, wai rabon da ta ga Mama ta ci abinci haka ta manta. Na hau bas na koma Samaru ina jin daɗi a raina, na ba mijina labari, shi ma ya ce Ubangiji ya saka mini.

Sai daga baya na ji ko wace ce Nkechi. 'Yarta ce tilo mace. Tana sakandare ta yi ciki, Mama a lokacin tana cikin manyan matan coci, ta ga an zubar mata da mutunci, ta watso wa yarinyar kayanta waje a gaban 'yan haya da masu wucewa, ta ce ba ta haife ta ba. Uban ya roƙa, maƙwabta suka roƙa, ta ƙi. Yarinyar ta tafi, tun daga ranar ba ta sake taka Zariya ba, ko rasuwar ubanta ba ta zo ba. Maman Abba ba ta ga abin da idonta ba, ta tarar da labarin ne a gidan, amma duk tsofaffin layin sun san shi.

Hutu ya ƙare, aka yi ɗan taro aka raba mana satifiket aka ɗauki hotuna, ɗalibai suka koma aji, guruf ɗin ƙungiyar ya yi tsit. Ni ma na yi niyyar shi ke nan. Ba a yi sati ba Maman Abba ta kira ni, wai Mama ta daina cin abinci, tana zaune a bakin ƙofa tana tambayar duk wanda ya wuce ko ya ga Nkechi. Na ce bari in je sau ɗaya in lallashe ta. Wannan sau ɗayan ne ya zama duk Asabar, daga baya ya zama har da tsakiyar mako idan na tashi daga makaranta, in hau bas daga Samaru, in sauka in nemi keke mai ƙafa uku, in yi mata wanka da wanki, in dafa abin da zai kai ta kwana biyu, in dawo gida da yamma jikina kamar an yi mini duka. Na koyi miyar agushi irin yadda take so, tana zaune tana yi mini faɗa wai na manta abin da ta koya mini. Wani lokaci ta juya harshe zuwa yarensu, ni kuwa ba na ji, sai ta yi tsaki ta ce dama tun kina ƙarama Hausa ta cinye miki baki. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so matar nan. Mahaifiyata ta rasu ina 'yar yarinya, ban san daɗin a ce wata tsohuwa tana jiran zuwana ba sai a wajenta.

Abin da ya fi damuna ya fara ne wata rana ina tsefe mata kai. Sai ta zame daga kan kujera tana ƙoƙarin durƙusawa a gabana, gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa, ta kama ƙafata tana kuka. Ta ce, "Nkechi, abin da na yi miki, ki yafe mini. Ina tsoron in mutu ban ji daga bakinki ba." Na ɗaga ta na ce Mama tashi, ta ƙi, ta ce sai na faɗa. To me zan yi? Na ce, "Na yafe miki Mama, na yafe." Wallahi da kun ga fuskarta, kamar an sauke mata buhun masara daga ka. Ta kwanta ta yi barci da rana tsaka tana riƙe da gefen zanina. Na ɗauka an wuce wajen, ashe ba ta riƙe abu a kai, zuwana na gaba ta manta ta sake roƙo, na sake yafewa. Haka muke yi har yau, kusan duk zuwa sai ta roƙa, ni kuma sai na yafe mata laifin da ba ni aka yi wa ba.

Da Disambar bara ta zo ƙungiyar ta sake buɗe aiki da sababbin fuskoki, na yi murna na ce yanzu zan samu masu karɓa ta in je gida Kirsimeti da iyalina. Bashir ya turo 'yan mata biyu masu hankali, na raka su na nuna musu komai. Mama ta kalle su ta ce ɓarayi ne na kawo mata, ta jefe su da kofi, abincin da suka kawo ta ce an sa guba. Suka yi ƙoƙari kwana biyu suka ce a canza musu wani tsohon. A cikin satin kuma zazzaɓi ya kwantar da ita. Mijina ya riga ya shirya tafiya, na roƙe shi ya tafi da yara zan biyo su a baya, ban samu na bi su ba. Ranar Kirsimeti ina ɗakin Mama ina ba ta kunu a cokali, ina jin kiɗa da waƙoƙi daga cocin da ke bayan layin, 'ya'yana kuma suna can ƙauye wata ce ta yi musu kitso da kwalliya. Uwar mijina da aka ba ta waya mu gaisa ta ce mini ta ji labari na samu sabuwar uwa a Zariya, Allah ya ba ni lada. Da dariya ta faɗa, amma na gane.

Da suka dawo muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce shi bai hana ni taimako ba, amma aikin da aka ce na hutu ne ya zama aure na biyu, yara suna dawowa makaranta ba uwa a gida, Asabar ba ni, ga shi na rame. Ya ce matar nan tana da coci, tana da ƙungiyar 'yan garinsu, tana da 'ya a raye, me ya sa sai ni. Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na je wajen Bashir, ya saurare ni da kyau, ya ce Anti wallahi abin ya fi ƙarfinmu, mu hutu kawai muke aiki, yawancinmu ɗalibai ne, ba mu da wajen ajiye tsofaffi. Mutanen cocin su Mama suka ce suna iya ƙoƙarinsu, tsofaffin da ke hannunsu suna da yawa, matasansu duk sun koma kudu ko sun fita waje. Amma wani dattijo a cikinsu ya yi mini alkawarin zai nemo lambar Nkechi ta wajen dangin uban. Ya ɗauki watanni, amma ya samo.

Ranar da zan kira ta na yi addu'a sosai, a raina ina ganin ƙarshen wahalata ya zo, har ina hango yadda zan kai ta ɗakin in ce Mama ga Nkechi ta gaskiya. Tana Legas. Da Turanci muka fara, na gabatar da kaina na ce daga Zariya nake, game da mahaifiyarta ne. Sai ta tambaya ko ta mutu ne. Na ce a'a tana raye, amma ta tsufa ta ruɗe, kullum sunanki take kira. Na ba ta labari tun daga farko, ban ɓoye komai ba, a zatona idan ta ji yadda uwar take kuka tana neman gafara zuciyarta za ta karye. Da na zo wajen da na ce ina amsa sunanta har ina ce wa Mama na yafe, sai ta katse ni, ta juya zuwa Hausa, Hausa tsab irin ta 'yan Sabon Gari.

Ta ce, "Tsaya Madam. Kika ce mata me?"

Na ce na ce mata na yafe, don hankalinta ya kwanta.

Ta ce, "Wa ya aike ki? Ke aka kora? Ke kika kwana a tasha da ciki? Kin san cewa a hanya cikin ya zube, a bayan wata mota, ba wanda na sani? Kin san tun daga nan ban sake samun haihuwa ba har yau? Abu ɗaya ya rage mini a duniya a kan matar nan, shi ne in yafe ko in ƙi, nawa ne, shi ma kin ɗauka kin ba ta kyauta."

Na shiga ba ta haƙuri. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ihu ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce ba ta ce in daina taimakon tsohuwa ba, wannan tsakanina da Allahna ne, amma in cire sunanta daga bakina, in je in gaya wa Mama gaskiya cewa Nkechi ba ta dawo ba kuma ba ta yafe ba. Ta ce kada in sake kiran ta. Na sake gwadawa bayan kwana biyu na tarar ta rufe lambata. Dattijon nan ma ya kira ta, ta ce masa ya gaishe da mutanen coci, su da suka tsaya suna kallo ranar.

Maganarta ta hana ni sukuni, ko a aji ina koyarwa sai in ji muryarta. Na ga tana da gaskiya, na shiga hakkin da ba nawa ba. Na je wajen fastonmu, ya ce ƙarya ƙarya ce ko da niyyar kirki aka yi ta, amma kuma Ubangiji mai jinƙai ne, in ci gaba da addu'a zai nuna mini hanya. Na fito kamar yadda na shiga. Maman Abba kuma ta ce Malama Allah zuciya yake dubawa, ki rufa wa tsohuwar nan asiri ta mutu cikin salama, kwana nawa ya rage mata. Na yi ta juya abin, a ƙarshe na yanke zan faɗi gaskiya ko sau ɗaya ne.

Na zaɓi ranar da na ga hankalinta ya ɗan dawo, ta ci abinci, har ta ba ni labarin kasuwa. Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta na ce, "Mama, ki saurare ni. Ni ba Nkechi ba ce. Ni malamar makaranta ce daga Samaru, taimako na zo yi." Ban iya ƙarasa sauran saƙon ba. Ta daɗe tana kallo na, na ɗauka ta gane. Sai ta zare hannunta a hankali ta ce, "Na sani. Yadda na ce ban haife ki ba, ke ma yau kin ce ba ni na haife ki ba. Kin kyauta, ban ga laifinki ba." Ta juya ta fuskanci bango. Na yi magana na yi magana, ko motsi. Daga ranar ta rufe bakinta, ba abinci ba ruwa, Maman Abba ta yi, mutanen coci suka yi, ni ma na yi, sai da ta kai mun ɗauke ta a keke zuwa asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. A gadon asibitin, nas tana tsaye tana ji, na sunkuya na ce mata Mama ni ce Nkechi, wasa nake yi miki, na yafe. Ta buɗe ido ta karɓi shayi. To kun ji, gaskiyar da na gwada sau ɗaya saura kaɗan ta kashe ta, na koma kan ƙaryata, kuma yanzu ina yin ta ne bayan mai sunan ta hana ni da bakinta.

Yanzu ga inda nake. Watannin baya uwar mijina ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. 'Ya'yanta mata suna aure nesa, mijina ne babba, wata ƙaramar jikarta ce take fama da ita a ƙauye. An gwada a kawo ta Zariya ta ƙi, ta ce a ɗakinta za ta mutu. Mijina ya yanke shawara cewa da an ba da hutun Kirsimetin nan ni da yara za mu koma can da zama, ya riga ya yi magana da wata makaranta a garin da ke kusa za su ɗauke ni, shi kuma zai riƙa zuwa ƙarshen mako kafin ya ga yadda zai yi da aikinsa. Da na buɗe baki na ce to Mama fa, bai yi faɗa ba wannan karon, ya dai ce wankan da nake yi wa uwar wasu da abincin da nake ba ta a baki, tasa uwar ma abin da take bukata ke nan, kuma ita ta san sunana na gaskiya. Ya ce ba zai tilasta ni ba, amma idan mota ta tashi ba ni a ciki, shi ba zai iya yi wa danginsa bayani a karo na biyu ba, sai dai manya su zauna. Kun san abin da wannan yake nufi. Na yi kuka na gaji, ba don ya zalunce ni ba, don ban ga ta inda zan ce ya yi kuskure ba.

Na tambaye shi ko za mu tafi da Mama can, amma ni kaina da na faɗa na ji abin bai yi ma'ana ba, tsofaffi biyu marasa lafiya a gida ɗaya, ɗaya ba ta san kowa ba a garin, tana kira na da sunan wata a gaban dangin mijina. Maman Abba ta ce za ta ci gaba da miƙa mata abinci, amma ita ma maigidanta ya fara ƙorafi, kuma mun riga mun ga abin da yake faruwa idan ban zo ba. Na nemi gidan da ake ajiye tsofaffi, inda aka kwatanta mini sai da sa hannun dangi, dangin kuma ita ce Nkechi.

Abin da ya ƙara karya mini zuciya, satin da ya wuce fostar bana ta fito, irin ta shekarar da na shiga, asibiti, kwata, karatun yara, tsofaffi. Bashir ya kira ni da murnarsa wai suna so in zo ranar buɗewa in yi wa sababbin shiga jawabi, don ni ce abin misalinsu, duk shekara da labarina suke jawo mutane. Na ce masa zan duba. Me zan ce musu? In ce su zo, alhali na san tsoho ba kwata ba ne da za a yashe a tafi? Ko in ce kada su zo, alhali na san akwai irin su Mama a lungunan Sabon Gari da ba mai leƙa su sai a wannan hutun? Ban ga laifin yaran nan ba, alheri suka nufa, ni ma alheri na nufa, amma ga inda ya kai ni.

Jiya na je wajenta. Yara a layin sun fara wasan nokawut, abin nan da ake kunnawa ya fashe, ta ji ƙarar ta gane Kirsimeti ya kusa. Ta ce in duba ƙasan akwatinta akwai wata atamfa da ta daɗe tana ajiya, in kai wa tela ya ɗinka mana iri ɗaya ni da ita, mu sa mu je coci tare, ta zauna kusa da ni a gaba kowa ya gani 'yarta ta dawo. Na ce to Mama. Atamfar tana cikin jakata yanzu haka, ban kai wa tela ba, ban kuma iya fito da ita a gida ba.

'Yan uwa ni dai ban ga mafita ba, duk inda na juya sai na cuci wani. Idan na zauna, na cuci aurena da 'ya'yana da uwar mijina da take da hakki a kaina na gaskiya. Idan na tafi, a wajen Mama ba malamar Samaru ce ta tafi ba, 'yarta ce ta sake barin ta bayan ta ce ta yafe, kuma na san ba za ta kai sabuwar shekara da nisa ba. Ga Nkechi can da nake amfani da sunanta ba da izininta ba. Na san da yawanku za ku ce in bi mijina, ni ma zuciyata ta san ƙarshenta motar zan shiga. Amma don Allah wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya ruɗe, ko malami ko fasto ko ma'aikacin asibiti a cikinku, ya gaya mini yadda ake yi. In sulale in tafi ba sallama in bar ta tana tambayar masu wucewa? In ce mata zan je in dawo, in ƙara wata ƙaryar a kan ta da? Akwai wanda ya san hanyar da zan bi in sake samun Nkechi, ko kuwa ba ni da hakkin sake damun ta? Kuma idan har zan je in yi mata sallama, da wane suna zan yi, nawa da ba ta sani ba, ko na 'yarta da aka hana ni? Makarantarmu ta kusa ba da hutu, don Allah kada ku karanta ku wuce.